Gizo-gizon nan mai dogayen ƙafafu da ke rataye a kusurwar silin: a kashe ko a ƙyale?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ina da tambaya. Akwai wani gizo-gizo mai ɗan mitsitsin jiki da ƙafafu dogaye sirara, wanda yake rataye kansa a ƙasa a kusurwar silin, musamman a banɗaki da ɗakin ajiya da bayan kabad. Ko na share yanarsa, ba a jimawa sai in ga ya sake wata a daidai wurin. Abin da ya fi ɗaure min kai, da zarar tsintsiya ta taɓa yanar sai ya kama rawar jiki da juyi har ka daina ganinsa sosai. Yana da illa ne? Ina da yara ƙanana, har da mai rarrafe.

Auwal:
Wa alaikumus salam Anti. Ki kashe shi tun da wuri. Na gani a Facebook cewa duk duniya babu gizo-gizon da ya kai shi dafi, Allah ne kawai ya taimake mu haƙoransa ba sa iya huda fatar mutum.

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam. Auwal ƙanena, wannan maganar ta daɗe tana yawo, kuma duka ɓangarorinta biyu ba gaskiya ba ne. Ba shi ne mafi dafi ba, kuma yana iya cizo, sai dai cizon ba ya yin komai.

Maman Ilham, kwatancen da kika yi na dangin da masana ke kira Pholcidae ne. Dangi ne babba, an rubuta jinsuna sama da 1,800 a cikinsa, amma kaɗan ne daga ciki suka saba da zama a gidajen mutane. Wanda ya fi shahara shi ne Pholcus phalangioides, wanda wani masani ɗan Suwizalan mai suna Fuesslin ya fara bayyana shi a rubuce tun 1775. Jikin macen bai cika wuce milimita 8 ko 9 ba, namijin ya ɗan fi ƙanƙanta, amma ƙafafun sukan ninka tsawon jikin sau biyar ko shida. A ƙasashe masu zafi akwai 'yan uwansa da suke irin wannan zaman, kamar Crossopriza lyoni da Physocyclus globosus da Artema atlanta. Ga mai kallo daga ƙasa duk ɗaya suke, kuma halinsu ma kusan ɗaya ne.

Batun dafi kuwa, a 2004 wani shirin talabijin na Amurka mai suna MythBusters ya gwada wannan jita-jitar kai tsaye. Ɗaya daga cikin masu gabatar da shirin ya zura hannunsa cikin mazubin da aka cika da su, aka cije shi, ya ji ɗan raɗaɗi na daƙiƙoƙi kaɗan, shi ke nan. A 2019 kuma masu bincike a Amurka sun tantance dafin wani jinsi na dangin, suka ga yana aiki sosai a kan ƙwari, amma a kan dabbobi masu shayarwa bai taka kara ya karya ba. Ki kwantar da hankalinki game da mai rarrafen.

Auwal:
To Malam, in ba shi da mugun dafi, daga ina maganar ta samo asali? Ruwa ai ba ya tsami banza.

Malam Sabo:
Zan zo wurin. Akwai dalilin da ya sa mutane suka yi zaton haka, amma ba dafin ba ne.

Hajiya Turai:
Ni dai da dafi ko babu dafi, ba ya kwana a gidana. Malam Sabo, kai namiji ne, in baƙi suka shigo suka ɗaga kai suka ga yana ta yi baƙi ƙirin a kusurwa, ba kai za a yi gulma a kai ba, matar gida ce za a ce ƙazama. Wane ne zai tsaya yana yi wa baƙo bayanin Fuesslin? Maman Ilham, ki sa hannu ki share abinki, ki bi da feshi.

Maman Ilham:
Wallahi Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni ma yanar ce ta fi damuna, ga ta da saurin tara ƙura.

Malam Sabo:
Ranki ya daɗe Hajiya, a nan ba ni da ja. Kuma akwai dalilin da ya sa yanar wannan ta fi ta sauran muni. Gizo-gizon da ke saƙa yana mai zagaye a lambu, da yawansu sukan cinye tsohuwar yanarsu su saƙa sabuwa, don kada zaren ya tafi a banza. Shi wannan ba ya yin haka. Ƙari kawai yake yi a kan tsohuwar, zare a kan zare ba tsari, in wuri ya ishe shi ya matsa gaba ya bar ta. Abin da kike gani ya yi baƙi, yawanci tsohuwar yana ce da ƙura ta lulluɓe, da gawarwakin ƙwari da ya tsotse, da saɓar da ya yi. Sabuwar yanar da yake zaune a ciki da ƙyar ido ke ganinta.

Hajiya Turai:
To ka gani. Ɗan haya ne da ba ya shara.

Kabiru Mai Feshi:
Salamu alaikum. Hajiya, ni sana'ata ke nan, feshin ƙwari a gidaje da ofisoshi, kuma da zan bi son zuciya sai in ce kowa ya kira ni. Amma gaskiya feshi bai cika yin maganin wannan gizo-gizon ba. Maganin da muke fesawa a bango da gindin gini yana aiki ne idan ƙwaro ya taka wurin, ya kwashi maganin a jikinsa. Kyankyaso da tururuwa suna yawo a ƙasa, dole su taka. Shi kuwa wannan yana can rataye a iska a kan zare, jikinsa ba ya taɓa bango, ko ya taka ma da ƙarshen siraran ƙafafun nan yake takawa. Sai dai in ka fesa masa kai tsaye, kuma in har ka kai ga haka, ai tsintsiya ma ta isa.

Abin da na lura da shi a wurin aiki, duk ɗakin da suka yi yawa to akwai abin da suke ci. Ko taga ba raga, ko ragar ta yage, ko akwai fitila a bakin ƙofa da ke tara ƙwari da dare, ko famfo na yoyo wurin ya yi danshi. In ba a gyara waɗannan ba, ka kashe goma yau, wasu su maye gurbinsu. Mai yara ƙanana kuma ban ba ta shawarar ta riƙa bulbula magani a ɗaki saboda abin da ba ya cutar da kowa ba. Maganin ya fi gizo-gizon haɗari ga mai rarrafe, don shi komai ya samu a ƙasa baki yake kaiwa.

Hajiya Turai:
Kabiru ɗana, kai da kanka kake kashe kasuwarka?

Kabiru Mai Feshi:
Hajiya, kyankyaso da kuɗin cizo sun ishe ni ci da iyali, ba sai na haɗa da wannan bawan Allah ba.

Zainab A.:
Ni tambayata daban ce. An ce idan gizo-gizo ya yi wa mutum fitsari yana barci, sai fata ta tashi da ƙuraje masu ruwa a jere, kamar ƙuna. Ƙanwata ta taɓa tashi da irin wannan a wuya, kowa ya ce gizo-gizo ne, kuma irin wannan mai dogayen ƙafafun ne a saman gadonta.

Sista Rabi:
Zainab 'yar uwa, wannan muna yawan ganinsa a wurin aiki, kuma kusan kullum gizo-gizo ake ɗora wa laifi don shi ake gani a sama. Gizo-gizo ba ya fitsarin da ke ƙona fata. Abin da yake fitarwa ɗan ɗigo ne fari-fari da ke bushewa a bango ko a ƙasa ƙarƙashin yanarsa, ba ya yi wa fata komai.

Ƙuraje masu ruwa a jere da mutum ke tashi da su da safe, abu biyu ne suka fi kawo su. Na farko wani ɗan siririn ƙwaro ne mai launin baƙi da ja, Paederus, da hasken fitila ke jawowa cikin ɗaki da dare. Ba ya cizo ba ya harbi, amma a jikinsa akwai wani sinadari, in mutum ya murƙushe shi a fata cikin barci ya goge, bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya yi ja ya kumburo a layin da hannu ya bi. Na biyu kuma ciwon da ƙwayar cutar ƙarambau ke haifarwa: mutum ya yi ƙarambau tun yana yaro, ƙwayar ta kwanta a jijiya, bayan shekaru ta farka ta fito da ƙuraje a gefe ɗaya na jiki tare da zafi mai tsanani. Wannan na biyun yana da magani, kuma maganin ya fi aiki in an fara shi cikin kwana uku na farko. Shi ya sa ba na son maganar fitsarin gizo-gizo, tana sa mutane su zauna a gida suna shafe-shafe lokaci yana wucewa. Haka ma maruru da yawa da ake cewa cizon gizo-gizo ne, ƙwayoyin cuta ne suka shiga fata. In ƙuraje suka fito kusa da ido, ko da zazzaɓi, ko wurin yana faɗaɗa, a je asibiti.

Zainab A.:
Allah ya saka da alheri Sista. Nata a gefe ɗaya ne kuwa, kuma ta yi ta kukan zafi.

Auwal:
Malam Sabo, ina jiran alkawarina fa.

Malam Sabo:
Ban manta ba. Abin da ya sa aka yi masa zaton mugun dafi shi ne, ana ganinsa yana cin gizo-gizon da suka fi shi girma da ƙarfi, har da masu dafin da ke kai mutum asibiti. A Ostareliya yana cin baƙin gizo-gizon nan mai jan tabo a baya, a Amurka yana cin ɗan uwan wancan mai jan tabo a tumbi, a Turai yana cin manyan gizo-gizon gida masu gashi da suka ninka shi nauyi. Sai mutane suka yi lissafi: wanda ya kashe mai dafi, ai ya fi shi dafi. Alhali sirrin yana ƙafafun ne.

Ga yadda yake yi. Yawancin zaren yanarsa ba shi da danƙo irin na mai yana zagayayya, ƙwaro yana rikicewa ne kawai a cikin tarin zaren. Da ya ji motsi sai ya matso, ya juya wa abin baya, ya riƙa jawo zare daga jikinsa da ƙafafun baya yana watsa masa da sauri. Saboda tsawon ƙafafun, jikinsa yana nesa, abokin faɗan ba ya iya kai masa cizo. Sai ya naɗe shi tsaf ya kasa motsi, sannan ya matso a natse ya nemi wuri mai laushi, kamar gaɓar ƙafa, ya sa ɗan dafinsa, ya zauna ya tsotse.

Wani abin ma ya fi wannan. In abinci ya yi ƙaranci, yakan bar tasa yanar ya tafi ta wani gizo-gizon. Ya tsaya a baki ya riƙa girgiza zaren a hankali, irin girgizar da ƙwaron da ya faɗa tarko ke yi. Mai gida ya fito da gudu zai kama abinci, sai ya tarar shi ne abincin. Bayan ya cinye mai gidan, yakan ci ƙwayayensa, ya kuma ci abin da yanar ta kama. Masu bincike a New Zealand sun yi nazarin wannan halin nasa tun shekarun 1980.

Baba Tanimu:
Ikon Allah. Ashe Gizon tatsuniya da ke yi wa kura da zaki wayo ba ƙarya kakanninmu suka shirga mana ba, sun dai ga wani abu a saman ɗaki. Malam, rawar jikin da yarinyar nan ta ce yana yi fa?

Malam Sabo:
Baba, kariya ce. In wani abu babba ya taɓa yanar, sai ya riƙe zaren da ƙafafu ya riƙa juya jikinsa da sauri sosai, har siffarsa ta dushe a ido. Tsuntsu ko wani gizo-gizo mai farauta da ido ba zai gane inda zai kai cafka ba. In abin ya ci tura sai ya saki kansa ya faɗo ya gudu lungu, wani lokacin ma ya bar ƙafa ɗaya a hannun maƙiyi. Za ku riƙa ganin masu ƙafa bakwai ko shida, dalilin ke nan. Ba shirin kawo hari yake yi ba, tsoro ne.

Auwal:
To in haka ne ai shi ke nan, mu bar su su cika ɗaki su cinye mana sauro, mu huta da gidan sauro da zafinsa.

Sista Rabi:
A'a Auwal, kada ka kuskura. Daga wannan gefe ka tsallaka wancan.

Malam Sabo:
Sista ta yi gaskiya. Yana cin sauro, wannan tabbas ne. A Tailan an yi nazari a 1997 a kan Crossopriza lyoni, aka ga yana cin sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi a cikin gidaje. Amma dabba ce mai ƙaramin ciki da ke iya yin makonni ba ta ci komai ba, kuma jira take yi abinci ya zo ya same ta. Sauron da ya shigo ya nufi gadonka kai tsaye ba sai ya bi ta kusurwar silin ba. Taimako yake yi gwargwadon ƙarfinsa, shi da ƙananan ƙudaje da asu da tururuwa masu fiffike. Gidan sauro da ragar taga suna nan a matsayinsu.

Hajiya Turai:
Wato dai cizonsa ba ya komai, ba ya fitsari, sauron ma ba ya gamawa da shi, sai ɓata bango. Har yanzu ban ji dalilin da zai sa in ba shi masauki ba.

Malam Sabo:
Hajiya, ni ma ban ce ki ba shi falo ba. Abin da nake cewa, a raba tsakanin yanar da mai yanar. Falo da ɗakin kwana da kicin, a share duk mako, babu mai ja. Amma wanda ke can bayan tankin banɗaki ko a ɗakin ajiya ko gareji, inda ba baƙon da ke leƙawa, barinsa ya fi kashe shi amfani, tunda shi ne ke rage sauran gizo-gizon da suka fi shi ban tsoro.

Kuma batun ƙazanta, bari in faɗi wani abu. A 2016 an wallafa wani bincike da aka yi a gidaje 50 a birnin Raleigh da kewayensa, a jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Masana suka bi ɗaki-ɗaki suna tsintar duk wani ƙwaro da suka gani, mai rai da matacce. Sun samu nau'i sama da 500, babu gida ko ɗaya da ba a samu gizo-gizo a ciki ba, kuma wannan mai dogayen ƙafafun yana cikin mafi yawan gidajen. Gidaje ne na mutane masu shara da goge-goge. Ganinsa a ɗaki ba shaidar ƙazanta ba ce. Yanar da aka bari ta yi wata da watanni, wannan kam magana ce daban.

Hajiya Turai:
Su can Amurka su ji da nasu.

Baba Tanimu:
Ni abin da ke ba ni mamaki, ban taɓa ganinsa a waje ba, ko a bishiya ko a ciyawa. Kullum a ɗaki. Kafin a yi ɗakuna a ina yake?

Malam Sabo:
Tambaya mai kyau, Baba. 'Yan uwansa na daji suna zaune a kogo, da ramukan duwatsu, da kogon bishiya, da ƙarƙashin ganye. Wuri mai duhu, ba iska, ba ruwan sama, zafi da sanyi ba sa sauyawa sosai. Ɗakin ɗan Adam ya cika duk waɗannan sharuɗɗan, har da ƙarin ƙwarin da fitila ke jawowa. Shi Pholcus phalangioides masana suna ganin daga yankin Asiya ya fito, ya bi kayan fatake da jiragen ruwa har ya kai kusan ko'ina a duniya.

Akwai wani masanin gizo-gizo ɗan Ingila, W. S. Bristowe, da ya so ya san iyakar inda yake kaiwa a ƙasarsu. Sai ya hau keke ya riƙa ratsa ƙasar, yana shiga masaukai da sunan duba ɗakin haya, alhali kusurwoyin silin yake kallo. Ya gano cewa a kudancin ƙasar kawai yake, inda matsakaicin zafin shekara ya haura digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. Daga baya da na'urorin ɗumama gida suka yawaita, sai gizo-gizon ya bazu har arewa inda da ba ya iya rayuwa. A irin waɗannan ƙasashe masu sanyi, in ka fitar da shi waje da hunturu, kashe shi ka yi.

Auwal:
Mutum ya hau keke ya zagaye ƙasa don gizo-gizo. Wasu dai ba su da matsala a rayuwa.

Maman Ilham:
Malam, yanzu na je na leƙa na banɗakin da tocila. Akwai ɗaya da ke riƙe da wani ɗan dunƙule a baki, fari-fari mai ƙananan ƙwayoyi. Abinci ne?

Malam Sabo:
Mace ce, ƙwayayenta ne. Sauran gizo-gizo da yawa sukan naɗe ƙwai a jakar zare mai kauri su rataye ko su ɓoye. Ita wannan da 'yan zarurruka kaɗan take ɗaure su, shi ya sa kike iya ganin ƙwayoyin ɗaya-ɗaya, sannan ta riƙe da baki ta yi ta yawo da su har su ƙyanƙyashe bayan makonni kaɗan. A tsawon lokacin nan ba ta cika cin abinci ba. Yawanci ƙwai 20 zuwa 30 ne a dunƙule ɗaya. In suka fito sukan zauna kusa da ita na ɗan lokaci, su yi saɓar farko, sannan kowa ya kama gabansa. Sukan ɗauki kusan shekara kafin su balaga, babba kuma yana iya ƙara shekara biyu a raye.

In ba kya son su ƙaru, wannan macen ita ce za ki fitar, tunda ƙwan yana tare da ita. Share yana kaɗai ba ya rage su.

Hajiya Turai:
Talatin! Maman Ilham, me kike jira?

Kabiru Mai Feshi:
Hajiya, ba duka ke rayuwa ba, in abinci ya yi kaɗan junansu ma suke ci. Maman Ilham, in kina da injin zuƙe ƙura, ki sa masa dogon bututun ki bi kusurwoyin, yana ɗauke yana da gizo-gizo da ƙwai gaba ɗaya, kuma ba ya barin baƙin tabo a fenti irin wanda tsintsiya ke bari in ta murza yanar a bango. In tsintsiya ce, ki ɗaura mata tsumma mai ɗan danshi, ki naɗo yanar maimakon ki goga ta. Ga mai asma a gida wannan ya fi, don ƙurar ba ta tashi.

Zainab A.:
Ni fa ko hotonsa ba na iya kallo, jikina har tsuma yake yi. Duk bayanin nan na ji, na kuma yarda, amma in na gan shi sai na bar ɗakin. Kuma ba na son a kashe shi a gabana. Akwai yadda za a fitar da shi da rai?

Malam Sabo:
Akwai, kuma ba sai ke za ki yi ba, ki sa wani. A samu kofi mai faɗin baki ko roba, a tara ta ƙarƙashinsa, tunda in ya tsorata ƙasa yake faɗowa. A taɓa yanar ta sama da takarda mai kauri, in ya faɗa ciki a rufe da takardar. Kada a kama shi da yatsu, ƙafafun suna tsinkewa. A kai shi gareji ko rumfa ko wani ɗakin da ba a kwana, wuri mai rufi dai, don a fili rana da tsuntsaye da ƙadangaru ba za su bar shi ya kwana ba.

Zainab A.:
To in ya dawo fa?

Kabiru Mai Feshi:
Shi ɗin da wuya ya dawo, ba mai son tafiya ba ne in ya samu abinci a inda aka ajiye shi. Wani dai zai iya shigowa. Ki duba ragar tagarki da ƙasan ƙofa, in akwai fitila a daidai bakin ƙofar a matsar da ita gefe ko a sa mai launin rawaya, ƙwari ba su cika taruwa a kanta ba.